Inda Ji Ya Kori Gani: Tarken Jaruntakar Gimbiya a Littafin The Princess and the Goblin

Gabatarwa

Kusan duk shekara, idan muka zauna tace rubuce-rubucen da ɗalibai suka miƙo domin wannan mujalla, ba mu rasa cin karo da labari biyu ko uku waɗanda tauraruwarsu gimbiya ce. Abin farin ciki ne, domin ƙagaggun labaranmu na farko irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi duk maza suka bar wa fili. To amma na lura gimbiyar ɗalibanmu kusan kullum fuska ɗaya gare ta. Za ta sanya sulke, ta hau ingarma, ta zare takobi, kafin shafi na uku ta fille kan dodo, a na huɗu kuma a sha biki. Idan mutum ya kankare sunan, sai ya tarar ashe Iliya ne aka ɗaura wa zane. Na taɓa tambayar wata ɗaliba dalili, ta ce ai Sarauniya Amina ta Zazzau take kwaikwayo. Ban musa mata ba. Na dai ce mata, Amina ta riga ta ci nata yaƙin, ita wannan ta cikin labarinki fa, me take tsoro? Ba ta ba ni amsa ba. Wannan tambaya ce ta haifi wannan takarda.

Manufar takardar ita ce ta yi tarken wani tsohon littafin yara na Turanci wanda tauraruwarsa yarinya ce 'yar shekara takwas, ba ta taɓa riƙe ko wuƙar yankan kuɓewa ba, tana kuka, tana gudu in ta firgita, amma duk da haka mai karatu ba ya rufe littafin yana shakkar jaruntakarta. Za a duba inda marubucin ya samo mata wannan jaruntaka, a kuma nuna wuraren da, a ganina, ya yi mata da wasu taurarin rashin adalci.

Marubucin da Littafinsa

An haifi George MacDonald a 1824 a garin Huntly na ƙasar Sikotland, ya rasu a 1905. Ya fara rayuwarsa ne a matsayin limamin coci a garin Arundel na Ingila, amma bai wuce shekara uku ba ya ajiye aikin a 1853, bayan manyan cocin sun ga wa'azinsa ya kauce wa abin da suka saba, har suka rage masa albashi. Daga nan ya koma neman abinci da alƙalami, ga kuwa 'ya'ya goma sha ɗaya. Labarin da muke nazari ya fara fitowa ne kashi-kashi a wata mujallar yara mai suna Good Words for the Young tsakanin 1870 da 1871, sannan aka buga shi littafi guda a 1872, mai babi 32. Marubuta irin su C. S. Lewis da J. R. R. Tolkien, waɗanda labaransu suka mamaye duniya daga baya, duk sun sha daga wannan rijiya, Lewis ma bai ɓoye ba cewa MacDonald malaminsa ne duk da ba su taɓa haɗuwa ba.

Abu ɗaya daga tarihinsa ya cancanci a riƙe. Mahaifiyarsa ta rasu a 1832, yana da kimanin shekarun da ya ba tauraruwarsa. Ita ma tauraruwar ba ta tare da uwa. Ba na cikin masu mayar da kowane littafi tarihin marubucinsa, amma wanda ya san wannan zai fi fahimtar abin da ya sa aka cika littafin da neman ƙirjin da za a kwanta a kai.

Labarin a Taƙaice

Gimbiya Irene, wadda za mu rubuta Airin, 'yar sarki ce da aka kai reno wani babban gida a gefen dutse, nesa da fada. Mai renonta Luti ce. A cikin dutsen akwai ramukan haƙar ma'adinai, ƙarƙashinsu kuma akwai wasu halittu munana waɗanda ba su fitowa sai da dare. Kalmar da marubucin ya kira su da ita ba ta da takwara sak a Hausa. Ba aljanu ba ne, domin ana ganinsu, ana dukansu, suna nutsewa a ruwa. Za mu kira su dodanni, tun da su ma, kamar Dodon tatsuniyoyinmu, babban burinsu shi ne su auri 'yar mutane. Kawunansu kamar dutse suke, amma ƙafafunsu taushi gare su kuma ba yatsu, sannan ba abin da suka ƙi jini kamar waƙa.

Wata rana ana ruwan sama, zaman ɗaki ya gunduri Airin, ta bi wata tsohuwar matakala ta ɓace a saman gidan. Can a ƙololuwa ta tarar da wata tsohuwa mai farin gashi har gadon baya tana kaɗi. Tsohuwar ta ce ita kakar kakarta ce, sunansu ma ɗaya. Da Airin ta sauko ta ba Luti labari, sai Luti ta ce shaci-faɗi ne. A wani yammacin kuma duhu ya riske su a kan dutse, dodanni suka fara fitowa, wani yaro ɗan mahaƙa mai suna Curdie, wato Kardi, ɗan shekara goma sha biyu, ya kore su da waƙa ya rako su gida. Shi Kardin ne daga baya ya gano makircin dodanni: za su haƙo rami har cikin gidan sarki su sace Airin su aura wa yarimansu, in hakan ya faskara kuma su sako ruwa su cinye mahaƙa. Garin leƙen asiri suka kama shi suka rufe a kogo. Airin ce ta fito da shi. A ƙarshe dodanni suka shigo gidan, aka fatattake su ta hanyar take musu ƙafafu, ruwan da suka tara wa mutane kuma ya juyo kansu.

Zare Biyu

Idan aka dubi zubi da tsarin littafin, za a ga an gina shi a kan hawa uku: tsohuwa a sama, mutanen gida a tsakiya, dodanni a ƙasa. Manazarta da dama sun fassara wannan da cewa hoton zuciyar ɗan Adam ne, da ruhi a sama da son rai a ƙasa. Fassarar ba ta da laifi, sai dai ta yi sauƙi da yawa, kuma yaron da aka rubuta wa littafin ba ruwansa da ita. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zare biyu da marubucin ya shimfiɗa a cikin duhun dutsen, ya bar mai karatu ya gwada su da kansa.

Na farko na Kardi ne. Yaro ne mai wayo, ya san rami kamar yunwar cikinsa. Duk daren da zai shiga yankin dodanni, sai ya ɗaure bakin igiya a jikin digarsa, ya kafa digar, ya riƙa warware ƙullin yana tafiya, domin in ya gama ya biyo igiyar ya dawo. Dabara ce ta hankali, ana ganin igiyar, ana iya auna ta. Amma a babi na 18 dabbobin dodanni suka tarar da digar suka yi ta wasa da ita suna ja, har suka kai ta wani wuri dabam. Kardi ya biyo igiyarsa da cikakkiyar natsuwa, ita kuwa ta kai shi hannun abokan gaba. Igiyar ba ta tsinke ba. Abin da aka ɗaure ta a jikinsa ne ya gusa.

Na biyu shi ne na Airin. Abin da tsohuwa take kaɗawa tun farkon littafin ashe ba auduga ba ce, saƙar wani irin gizo-gizo ce da tattabarunta suke ɗauko mata daga ƙetaren teku. Duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa tana murza mazari ya san bambancin abawa da arafiya. To wannan ya wuce arafiya siranta, har ido ba ya kama shi. Tsohuwa ta ɗaura bakinsa a jikin wani zobe ta ba Airin, ta ajiye ƙullin a wurinta. Ta ce mata duk ranar da ta shiga haɗari ta cire zoben ta sa ƙarƙashin matashin kai, ta ɗora ɗan yatsa a kan zaren ta bi shi duk inda ya nufa, ko da hanyar ta yi kama da zagaye.

A nan ne harshenmu ya ba mu abin da Turancin ma bai ba marubucin ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Kalmar ji kuwa a Hausa fuska biyu gare ta, akwai ji na kunne, akwai ji na taɓawa. Zaren Airin ba a ganinsa, sai dai a ji shi da yatsa, kuma ba ta da wata hujja a kansa sai maganar da ta ji daga bakin tsohuwa. Littafin gaba ɗayansa gardama ce da wannan karin magana tamu. Mai igiyar da ake gani ya ɓace, mai zaren da ake ji ta isa.

Babi na 20 shi ne zuciyar littafin, kuma ina ba duk ɗalibin da yake son rubuta labarin jaruntaka shawarar ya karanta shi sau biyu. Da asuba Airin ta farka ta ji gurnanin wasu dabbobi a ɗakinta. Ta yi yadda aka ce. Tana zaton zaren zai hau da ita bene wurin kakarta, sai ya sauka da ita ƙasa, ya fita da ita waje, ya hau dutse, ya shiga wani rami inda ƙorama take fitowa. Ta yi ta tafiya cikin duhu, har zaren ya kawo ta gaban tarin duwatsu ya shige cikinsu. Hanya ta ƙare. Ta ce bari ta bi shi ta koma, sai ta tarar in ta juya baya zaren ɓacewa yake yi daga yatsanta, gaba kawai yake yarda a bi shi. Ta faɗi a kan duwatsun tana kuka, ranta na raya mata cewa an yaudare ta.

Da ɗalibina ne yake rubutun, na san abin da zai biyo baya: tsohuwa za ta bayyana cikin haske ta daki duwatsun da sanda. MacDonald bai yi haka ba. Ya bar yarinyar ta yi kukanta ta gaji, sannan tunani ya zo mata cewa ai duwatsu abin ɗauka ne. Ta fara kwashe su ɗaya bayan ɗaya, bayanta na ciwo, yatsunta na zafi, tana bin zaren cikin tarin. Ba ta san me take nema ba. Sai can ta ji muryar Kardi yana waƙa a bayan dutsen. Wannan ita ce jaruntakar da nake nufi. Ba a cire mata tsoro ba, ba a ba ta ƙarfi na sihiri ba. An dai ba ta alkawari, ita kuma ta biya shi da aikin hannunta. Tashi in taimake ka ke nan.

Kuma marubucin ya shirya mu tun kafin nan. A babi na 14, daren da ta yi alkawarin komawa wurin tsohuwa, wata dabba mai kama da kyanwa mai dogayen ƙafafu ta faɗo ɗakinta ta taga. Maimakon ta hau sama inda tsira take, sai ta ruga waje cikin duhu, wato wurin da dabbar ta fi iya kama ta. Mun ga wautarta a fili. Don haka ne da ta zo babi na 20 ta daure, daurewar ta yi nauyi a wurinmu. Gimbiyar da ba ta taɓa gudu ba, tsayawarta ba labari ba ne.

Raɗaɗin Ƙaryatawa

Akwai wani gwaji da ya fi na cikin kogo, kuma shi ne ya fi kusa da rayuwar yaro ta yau da kullum. Tun daga farkon littafin har kusan ƙarshensa ba wanda ya gaskata Airin. Luti tana ƙaunarta, amma ta ɗauke ta mai ƙirƙirar labari. Ita kanta Airin ta sha neman matakalar ta rasa, har ta fara zaton ko mafarki ta yi. Wanda ya fi ciwo shi ne na Kardi. Bayan ta fito da shi daga kogo, ta bi da shi ta hanyoyin da shi ɗan rami bai san da su ba har suka ɓullo lambun gidan sarki, sai ta ja shi zuwa ɗakin kakarta don ya gani da idonsa. Tana zaune a cinyar tsohuwa, ga wutar furen wardi tana ci a murhu, ga fitila kamar farin wata. Shi kuwa Kardi abin da ya gani shi ne ɗaki fanko, da tsohon baho, da tarin ruɓaɓɓiyar ciyawa, da wani tuffa da ya yanƙwane. Ya ɗauka 'yar sarki ce take wasa da hankalin ɗan talaka. Ya faɗa mata magana mai zafi ya tafi.

Wannan fage ya nuna gwanintar marubucin ta fuska biyu. Ta farko, bai mayar da Kardi mugu ba. Yaron gaskiya ya faɗa, abin da idonsa ya nuna masa ke nan, kuma da ya ce ya ga tsohuwa don ya faranta wa gimbiya rai, da ya yi ƙarya. Ta biyu, tsohuwa ba ta goyi bayan fushin jikarta ba. Ta nuna mata cewa ita ma ba rana ɗaya ta gaskata ba, don haka dole ta koyi haƙurin zama wadda ba a yarda da ita ba, ta kuma yi wa wanda bai gani ba uzuri. A tatsuniyoyinmu ma akwai tsohuwar da takan gwada ladabin yarinya a hanya, 'yar bora ta ci gwajin, 'yar mowa ta faɗi. Bambancin shi ne, a tatsuniya sakamako a fili yake zuwa, gari duka ya shaida dukiyar da 'yar bora ta dawo da ita. Airin kuwa ta dawo gida ba ta da abin nunawa sai zobe, kuma faɗa ta tarar.

Mahaifiyar Kardi ce ta warware ƙullin, ba da wata mu'ujiza ba, da tambaya kawai. Ta ce masa, to in babu zaren, yaya aka yi yarinyar da ba ta taɓa shiga rami ba ta gano inda kake, ta kuma fito da kai? Ya rasa amsa. Daga baya marubucin ya ɗanɗana masa irin abin da ya yi wa Airin. Dogaran gidan sarki suka harbe shi da kibiya a ƙafa suna zaton ɓarawo ne, ya yi ta gargaɗinsu cewa dodanni na tafe, su kuwa suka ce zafin zazzaɓi ne yake sa shi sambatu.

Dole a yi wata tambaya a nan, domin mai karatu mai hankali zai yi ta. Shin wannan ba koya wa yara bin magana ido rufe ba ne? Mun san irin ɓarnar da bi-ni-kawai ta yi wa matasa a wurare da dama. Amsar da littafin ya bayar ba cikakkiya ba ce, amma ba ta wofi ba ce. Airin ba baƙuwa ta bi ba. Tsohuwar ta riga ta warkar mata da yatsan da allura ta soke ya kumbura, fitilarta kuma ta riga ta nuna mata hanyar gida daren da ta ruga kan dutse. Amana ce da aka gina a kan abin da ya gabata. Har ila yau, zaren bai taɓa kai ta ga cutar da kowa ba, wurin ceton wani ya kai ta. Mai karatu Musulmi zai ji ƙamshin imani da gaibi da tawakkali a nan, Kirista ma zai ji nasa, shi kuwa marubucin, duk da tsohon limamin coci ne, ya bar labarin ya yi maganarsa.

Inda Marubucin Ya Gaza

Gazawar farko ta tsari ce. Bayan babi na 24, inda Airin ta tsaya a gaban Luti ta ƙi yarda a kira ta maƙaryaciya, har ta nemi shugaban dogarai ya karɓi kula da ita kafin mahaifinta ya zo, sai marubucin ya karɓe labarin daga hannunta ya miƙa wa Kardi. Shi ne ya yi faɗan, shi ne ya gargaɗi mahaƙa, shi ne ya ji ƙarar ruwa ya sa aka fitar da mutane daga gidan. Daren da dodanni suka shigo, zare ya riga ya kai Airin gidan su Kardi, can aka same ta a rungume a jikin mahaifiyarsa. Ba mu ma bi ta a wannan tafiya ba, labarinta kawai muka ji. Ba cewa nake yi a ba ta takobi ba, da na rushe duk abin da na faɗa a baya. Amma littafin da ya ɗauki sunanta bai kamata ya ajiye ta a gefe a babi takwas na ƙarshe ba. Abin da ya rage mata shi ne cika alkawarin sumbar da ta yi wa Kardi tun ranar da ya fara cetonta, wanda Luti ta hana don ɗan mahaƙa ne, sarki kuma ya ce alkawari kaya ne. Fage ne mai daɗi, amma bai kai nauyin tarin duwatsun ba.

Salon ma yana da nasa nauyin. Marubucin yakan tsayar da labari ya juyo ga mai karatu ya yi masa bayanin yadda gimbiya ta ƙwarai take yi: ba ta ƙarya, ba ta saɓa alkawari, in ta yi laifi tana neman gafara. Wani lokaci abin yana kama da muryar mai tatsuniya da ke jan hankalin yara a dandali, wani lokaci kuma wa'azi ne tsagwaronsa. Ya yi ƙoƙarin nuna cewa sarauta hali ce, har ya ce Kardi ma yarima ne ta wannan ma'ana. Kardin kuwa da sarki ya yi masa tayin shiga cikin dogaransa, ƙi ya yi, ya zaɓi zama da iyayensa, abin da ya roƙa kawai shi ne jan fatari mai ɗumi domin mahaifiyarsa. Duk da haka gidan sarki na sama, ramin mahaƙa na ƙasa, kuma littafin bai ga abin tambaya a nan ba.

Gazawar da ta fi damuna ita ce ta dodanni. A babin farko marubucin da kansa ya gaya mana asalinsu. Da can mutane ne kamar kowa, a bayan ƙasa suke zaune. Wani sarki daga kakannin Airin ya tsananta musu, ko da haraji ko da dokoki, suka gudu suka shige cikin dutse. Zaman duhu na shekaru aru-aru ne ya sauya musu kama, ƙiyayyar gidan sarauta kuma ta zama gadonsu. Wato dai talakawa ne da zalunci ya kora. Marubucin ya faɗi wannan a shafi ɗaya, sannan ya manta da shi. Daga nan har ƙarshe abin dariya ne su: sarauniyarsu tana ɓoye yatsu shida-shida cikin takalmin dutse, yarimansu an laƙaba masa sunan da ke nufin mai tsagaggen leɓe, kamar dai tawayar halitta shaidar mugunta ce. Da ruwa ya ci su, gawarwakinsu suka yi ta fitowa ta ƙofofin gidan sarki, ba wanda ya tsaya ya ce kaico. Tsohuwar da ta koya wa Airin yi wa Kardi uzuri ba ta ce uffan game da su ba. An dai ce waɗanda suka tsira daga baya sun yi laushin hali, kawunansu suka yi taushi, ƙafafunsu suka yi tauri. Ban ga inda aka ce an mayar musu da ƙasarsu ba.

Na taɓa karanta wa wani aji wannan babi na farko, sai wani ɗalibi da ke zaune a baya ya ce, Malam, to ai su ne masu gaskiya. Ajin ya yi dariya. Ni ban yi ba, domin ya ga abin da manazarta da yawa suka tsallake. Ba su da gaskiya wajen sace yarinya 'yar shekara takwas, amma suna da ƙara, kuma ba a saurare ta ba. Zaren tsohuwa ya shiga har cikin fadarsu, ya wuce ta gefen gadon sarkinsu, amma ba dominsu aka kaɗa shi ba.

Da alama shi kansa marubucin bai gamsu da inda ya tsaya ba. A 1883 ya fitar da ci gaban labarin mai suna The Princess and Curdie. A can babu sauran dodanni a ƙarƙashin dutse, muguntar ta koma cikin fada, a jikin fadawa da attajiran babban birni, waɗanda suke shayar da sarki guba a hankali. Airin tana jinyar mahaifinta, Kardi ya zo ya tsarkake fadar, daga baya suka yi aure suka yi mulki na adalci. Amma ba su haihu ba. Da suka rasu mutane suka naɗa wani sarki mai kwaɗayin zinariya, ya sa aka yi ta haƙa a ƙarƙashin birnin, har aka sassare ginshiƙan da ke riƙe da shi. Wata rana da tsakar rana birnin ya rufta da kowa da kowa, kogi ya bi ta kansa, sunansa ma aka manta.